Awa ta Huɗu, Ran Laraba

Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne
rataye a reshen dalbejiya.
In Ɗanlami ya doke shi sau huɗu ran Laraba
aji biyar sai ya dāre biyu kamar goro:
nawa su zauna, su arba'in da bakwai,
na Malama Rifkatu, sha ɗaya,
su ɗauki bencinsu su bi ta gindin bishiya.

Shekara tara muna haka.
Ita daga Wusasa, bisa acaɓa,
ni daga Ƙofar Kibo, kan keke mai kukan gyare.
In ara mata alli, ta ara mini jan biro,
kowa ya kama gabansa lafiya.

Sai ran nan, tsakiyar marka,
hadari ya taso ta bayan Kufena,
baƙi ƙirin, ko sallama babu.
Ta leƙo ta taga, ɗankwali sharkaf:
"Malam Ɗalhatu, a sam mana kusurwa."
Na ce bismillah.
Muka tsaga allo da layin alli,
kwano na ɗiga a tsakaninmu
cikin bokitin da muke ajiye tsintsiya.

Na rubuta kan darasi, ta rubuta nata.
Na waiga, ta waigo.
Yusuf a dama, Yusufu a hagu,
wasali ɗaya tal ya raba su.
Manhaja ce ta haɗa, ba shawara ba.
Yara sun riga mu gani, suka tuntsire da dariya.

Ruwa na dukan kwano, muka ɗaga murya.
Ina kan mafarki, tana kan riga,
ina kan kukan uba, ta kai ga fatake.
Sai Zuwaira, wadda tun farkon zango
ban san kalar muryarta ba,
ta ɗaga hannu mai guntun lalle:
"Malam, inda aka jefa nasu,
nan aka jefa namu? Ɗaya ce rijiya?"

Ishaya ya yi caraf daga hagu:
"Tamu ba ruwa a ciki!"
Mujittafa ya miƙe tsaye:
"Tamu akwai, ai da guga aka ciro shi!"
Benci ya fara kallon benci.
Na san wannan kallo.
Na gan shi a idon manya, shekarar da aka ƙone kasuwa,
kuma ba daga sama ya faɗo musu ba,
wani ne ya shuka shi tun da safiya.

Na yi zaure, na yi kwaleji,
babu malamin da ya biya mini wannan.
Na ce: "Akwai inda muka rabu da su,
manyan wurare, ba zan ɓoye muku ba."
Daga nan harshena ya tsaya cak.
Rifkatu ta karkaɗe alli daga tafinta,
ba ta dubi nata ba, ba ta dubi nawa ba,
ta jefa wa ɗakin duka tambaya:

"Wa ya jefa shi?"
Baki hamsin da takwas: "'Yan'uwansa!"
"Da ya samu iko fa, me ya yi musu?"
Shiru. Ɗis, ɗis, cikin bokiti.
Ishaya ya ce, "Ya ba su hatsi."
Zuwaira, can ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ya yafe."
Ban ƙara ko wasali ba,
don ba a yi wa cikakkiyar tulu ciko. Gaskiya.

Ruwa ya ɗauke. Ɗanlami ya doki wili.
Littafin darasi ba shi da gurbin abin da ya faru,
sai na rubuta: an yi ruwa.

Da la'asar, ina ratsa taɓon Ƙofar Doka,
Sallau ya faɗo mini a rai,
ƙanena, ciki ɗaya,
damina uku ba ma ga maciji
kan kunya shida na gonar gado a Dakace.
Na tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, har mai bas ya zage ni.
Ban san me zan ce masa ba.
Na dai juya kan keke Gyallesu,
gyare na kuka, muka ci gaba da tafiya.